Takaful ko inshorar rayuwa da aka saba, wanne ya fi iya juya kuɗi?

Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya turo min tambaya. Ya ce ejan biyu sun same shi a shago, ɗaya na kamfanin inshora irin wanda aka saba, ɗaya na takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya, kowa na yabon nasa. Yana da mata biyu da yara tara, yana so in ta Allah ta kasance su samu abin riƙewa. Ya ce maganar halacci ya riga ya ji daga malamai, shi dai yana so ya san wanne ya fi iya aiki da kuɗi.

To Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Tunda ka ce ka ji ta bakin malamai ba zan daɗe a nan ba, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi tun 1985 ta ce inshorar kasuwanci akwai garari a ciki, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta halatta ta taimakekeniya. Mu koma kan lissafi.

In ana maganar ƙwarewar kamfanin inshora abu ɗaya ake dubawa, a cikin kowace naira ɗari da mutane suka zuba nawa ke tafiya a albashi da hayar ofis da kamashon ejan, nawa ya rage don biyan iyalan mamata da juyawa. A nan gaskiya tsofaffin kamfanoni suna da rinjaye, kuma ba don sun fi kowa wayo ba, girma ne kawai. Leadway tun 1970 take, a Kaduna ma aka kafa ta. Takaful kuwa duk duniya sai 1979 aka buɗe kamfanin farko a Sudan, Malesiya ta yi dokarta a 1984, mu nan Najeriya sai 2013 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idoji, su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi a 2016. Kai ka fi ni sanin wannan, mai sauke kwantena guda da mai sarin dila biyu kuɗin mota da na 'yan dako ba ɗaya yake zauna musu a kan kowane turmi ba. Haka kamfani mai mutum dubu biyar da mai dubu ɗari biyar. Ga kuma kuɗin kwamitin malamai da dole takaful ta riƙe, sannan wuraren da za ta zuba kuɗi ba su da yawa tunda ba ta taɓa takardun bashi masu ruwa, sai irin su sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa ruwa, wanda gwamnatin tarayya ma sai 2017 ta fara fitarwa da na naira biliyan 100.

Amma kar ka ce shi kenan an gama, akwai inda lissafin ke juyawa. A inshorar da aka saba, in shekara ta wuce ba a yi mace-mace da yawa ba, rarar ta masu kamfani ce. A takaful kuɗin da ka zuba ana raba shi, wani kaso kamfani ya ɗauki ladan wakilci, wani ya shiga asusun tabarru'i da ake biyan wanda abu ya sama, wani kuma ajiyarka ce da ake juyawa a raba riba. In asusun tabarru'i ya yi rara ana iya dawo wa masu zubi da wani abu, in ya gaza kamfani ya ranta masa ba ruwa. Saboda haka kamfani na iya yin tsada a takarda amma abin da ya dawo aljihunka ya cike giɓin. Na ce ana iya fa, ban ce dole ba, wasu shekarun ko sisi ba a rabawa.

Ni da ni ne kai, zan sa kowane ejan ya rubuto min amsa, ba da baki ba, don ejan kamasho yake nema. Kashi nawa suke cirewa a shekarar farko, in na daina zubi bayan shekara biyu nawa zan karɓa, kwana nawa suke ɗauka kafin su biya iyalin mamaci kuma wace takarda suke nema, sannan na takaful ya nuna min rarar da suka raba a shekaru ukun da suka wuce. Wanda ya fara kame-kame ka sallame shi.

Wani abu kuma da ejan ba zai so ka ji ba. Tashin farashi a 2024 ya haura kashi 30 cikin ɗari, to miliyan goma da aka yi maka alkawari nan da shekara goma sha biyar me za ta saya? Kai da kake juya jarinka sau da yawa a shekara, ban ga dalilin da za ka kai musu ajiya mai yawa ba. Ka ɗauki tsarin kariya zalla, wanda ba ajiya a cikinsa, mai ƙaramin zubi, a kamfanin takaful tunda akwai shi kuma hankalinka zai fi kwanciya, sauran kuɗin su zauna a shadda.

Kuma tunda gida biyu ne, ka tambaye su wanda ka rubuta sunansa zai karɓa ne a matsayin nasa ko a matsayin wakili da zai kai a raba gado, a rubuta shi ɓaro-ɓaro tun kana raye. In sun kawo takardun ka ɗauki hotonsu ka turo min mu duba tare.