Ina son aikin sa kai wajen taimaka wa masu haihuwa a ƙauyukan Sakkwato, ta ina zan fara?

Malama, fara da gaishe da mai gari da ungozomar ƙauyen, domin ita ake kira tsakar dare. Kada ki raina ta.

Ki tanadi sabulu, safar hannu, sabuwar reza, zaren ɗaure cibiya da maganin chlorhexidine na shafa wa cibiya. A bar gasa cibiya ko shafa mata man goge haƙori, ƙwayoyin cuta ke shiga ta nan. Naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga, sai asibiti nan take. Shi ya sa ake shirya direba da kuɗin mai tun ciki yana wata bakwai, da yardar maigida.

Zumunci kuwa da kansa yake zuwa. Ranar suna za ki ga an aiko miki da fura, wataƙila har ki samu takwara.