Zauren 'Yan Kallo: Baba ya ga an rubuta "kult" a jikin kwalina

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan tsofaffin fina-finan ban tsoro suka taru, sai guda ɗaya kan 'yan pank, masu wani salon kiɗa na Turawa, to bari mu ɗauke su yadda suka shigo.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Zariya:
Yaya barka da ƙoƙari. Shekara uku kenan ina tara tsofaffin fina-finan ban tsoro na Turawa, wasu a faifai wasu a kaset da nake tsinta a gwanjo. Na zuba su a kwali na rubuta "kult" a jiki da maka saboda haka na ga ana kiransu a intanet. Baba ya shigo ɗakina ya gani, wallahi ranar ko tuwon dare ban iya ci ba, ya ɗauka ƙungiyar asiri na shiga a makaranta. Na rantse masa ya bar maganar amma har yanzu wani irin kallo yake min. Dan Allah me kalmar take nufi, kuma me ya sa waɗanda aka yi da ɗan kuɗi suka fi ba ni tsoro?

AMSA:
Ƙanena, kar ka ga laifin Baba ko kaɗan. A ƙasar nan duk uban da ya ga wannan kalmar a ɗakin ɗansa da ke jami'a dole gabansa ya faɗi, mun san abin da take nufi a wajenmu, mun san yaran da aka rasa ta wannan hanyar. Yau ɗin nan ka goge rubutun, ka sa "tsofaffin fina-finai", shi kenan.

A bakin masu harkar fim kuwa, kult fim ne da jama'a da yawa suka ƙi shi ko suka raina shi lokacin da ya fito, amma wasu 'yan tsiraru suka riƙe shi gam, suna kallo suna maimaitawa, suna haddace maganganun ciki, suna ba juna aro har ya rayu shekara arba'in hamsin. A shekarun 1970 wasu silimomi a Niyok suka fara nuna irin waɗannan da sha biyun dare, lokacin da kujeru suke zaman banza, daga nan abin ya yi jijiya. Babu rantsuwa babu shan jini, soyayya ce kawai ta 'yan kallo.

Tambayarka ta biyu ita ta fi min daɗi. Ka ɗauki Night of the Living Dead na George Romero, 1968. Mutane ne masu yin tallan talabijin a Pittsburgh suka haɗa kuɗi wajen dala dubu 114, suka samu wani tsohon gidan gona, suka ɗauka a baƙi da fari, jinin da kake gani ma ruwan cakulan ne tunda ba kala ba mai ganewa. Jarumin, Duane Jones, baƙar fata ne, a shekarar da aka harbe Martin Luther King, kuma duk wanda ya kalli ƙarshen fim ɗin ya san abin da ya sa yake tsaya wa mutum a rai. Ba zan faɗa ba saboda waɗanda ba su gani ba. Tunda ba su da kuɗin gina dodo sai suka tsare ka a ɗaki ɗaya da mutanen da tsoro ya sa suka fara cin dunduniyar juna, ƙusa da katako ana bugawa a taga, rediyo na ta kawo labari mara daɗi. Abin da ba a nuna maka ba zuciyarka ce take zana shi, kuma ta fi kowane mai kwalliya sanin abin da kake tsoro.

Ni nawa farkon The Evil Dead ne, na Sam Raimi, 1981. A zauren maƙwabcinmu na kalle shi ina yaro, mun fi ashirin a kan tabarma ɗaya, kaset ɗin ya sha kallo har hoton yana rawa daga sama, ga janareto na ƙara a waje. Wajen da ƙofar ƙasan ɗakin nan take ɗagawa sarƙa na riƙe da ita, yaron da ke gefena ya damƙe min hannu sai da farcensa ya bar shaida. Daga zauren zuwa gidanmu bai fi taku talatin ba amma sai da yayana ya zo ya tafi da ni. Sai da na girma na san Raimi shekararsa ashirin lokacin da suka fara ɗauka, a wata bukkar katako a dajin Tennessee cikin sanyi, da kuɗin da suka roƙo wajen 'yan uwa da masu ɗan hali, kuma wannan abin da yake tahowa a guje ta cikin bishiyoyi kyamara ce aka ɗaure a jikin katako mutum biyu suka riƙe gefe da gefe suna gudu. Katako fa! Raimin ne ya zo ya yi Spider-Man a 2002 da miliyoyin daloli, amma ni har gobe na katakon nake so.

Ka samu lokacin da Baba yake cikin nishaɗi ka kawo masa kwalin da kanka, ka buɗe, ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya ya gani da idonsa.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Agege, Legas:
Malam ina da kaset sun kai sittin da na gada wajen kawuna da ya taɓa yin shagon haya. Bayan damina na buɗe na ga wani farin abu kamar gari a jikin zaren ta ɗan gilashin nan. Na sa ɗaya a bidiyo hoto ya ɗauke gaba ɗaya, yanzu ko mai kyau na sa ba ya nunawa. Kuma ina son fara sayen faifai daga waje, wanne zan saya?

AMSA:
Alhaji funfuna ce, danshin Legas ne ya kawo ta, kuma wanda ka sa ɗin ya shafa wa kan bidiyon shi ya sa sauran suka daina nunawa. Kar ka ƙara sa ko ɗaya. Ka kai wa mai gyara ya buɗe ya goge kan da sifirit, ka ware masu funfunar a leda daban nesa da masu lafiya don tana yaɗuwa. Ka lallaɓa na'urar nan sosai, tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da yake ƙera ta, ya daina, duk wadda ta mutu ta tafi kenan.

Masu lafiyar kuma ka mayar da zaren farko, ka jera su a tsaye kamar littattafai, kar ka kwantar ka ɗora wani kan wani. Nesa da lasifika saboda maganaɗisun ciki yana cin hoton, nesa da bangon da yake jiƙewa, ka daina ajiyewa a ƙasa. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kar ka yar, ka watsa su a cikin akwatin suna shan laima. Mu nan Arewa ƙura da zafi ne abokan gabarmu, na taɓa barin kaset a mota da rana a watan Afrilu na dawo na tarar ya lanƙwashe. Ka duba ɗan haƙorin nan na gefen kaset, in yana nan ka ɓalle shi don kar yaro ya danna rikodin ya shafe maka. Sannan ka nemi 'yar na'urar da ake haɗa bidiyo da kwamfuta ka juye waɗanda ka san ba za ka ƙara samunsu ba, musamman in akwai namu na gida na farko-farko a ciki, don na Turawa akwai masu adana musu, namu kuwa in ya ruɓe a kwalinka wataƙila shi ne kwafin ƙarshe.

Maganar faifai, an raba duniya shiyya-shiyya, faifan wata shiyya yakan ƙi yi a filayar wata shiyyar. A DVD Najeriya tana shiyya ta 5, Amurka 1, Ingila 2, amma yawancin ƙananan filayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ruwansu duk suna ci. A Blu-ray ne ake shan wuya, mu da Ingila duk B ne, Amurka A, don haka in za ka yi oda ka fi karkata ga na Ingila irin na kamfanin Arrow Video. Akwai wani kamfani a Amurka sunansa Vinegar Syndrome da ya ƙware wajen ceto fina-finan da aka manta, sunan ma daga warin tsami ne da tsohon zaren fim yake yi in ya fara ruɓewa, sai dai ka karanta bayan kwalin kafin ka biya. Night of the Living Dead kuwa kyauta ne halak malak a intanet, saboda masu rarraba shi sun canza masa suna suka manta ba su sa alamar haƙƙin mallaka ba, Romero da abokansa suna ji suna gani kowa ya dinga bugawa yana sayarwa. Shi ya sa kwafinsa marasa kyau suka cika duniya, in kana son mai tsabta ka nemi wanda kamfanin Criterion suka fitar a 2018.

TAMBAYA, daga wata 'yar uwa a Kaduna:
Yaya ni ban gane haɗin ba. Duk inda na ga ana maganar fina-finan ban tsoro sai a sako na 'yan pank, masu askin zakara da kwalliyar fil. Ina ruwan biri da gada?

AMSA:
Ƙanwata talauci ne ya haɗa su. Pank kiɗa ne da ya taso a tsakiyar shekarun 1970, ƙungiyar mawaƙa ta Ramones a Niyok, ta Sex Pistols a Landan, samari ne da ba aikin yi ba kuɗin makarantar kiɗa, suka ce in ka iya kaɗa jita kaɗan to hau dandamali, ka buga faifanka da kanka, ka yi fostarka da almakashi da gam. To wannan ai shi ne abin da su Romero da Raimi suka yi da kyamara. Kuma masu zuwa silimar tsakar dare da masu zuwa wajen kiɗan kusan mutane ɗaya ne.

In za ki fara, ki fara da aikin wata mata, Penelope Spheeris. A 1981 ta fitar da The Decline of Western Civilization, ba ƙirƙirarren labari ba ne, bin mawaƙan Los Angeles ta yi da kyamara har ɗakunan da suke kwana, su Black Flag da Germs, kina ganin yaro yana soya ƙwai yana ba da labarin rayuwarsa kamar ba komai alhali duk a karye yake. A 2016 Amurka ta sa shi cikin jerin fina-finan da ƙasa take adanawa. Bayansa ta yi Suburbia, kan yaran da suka gudu daga gida suka tare a wani kango, kuma yawancinsu ba 'yan fim ba ne, yaran pank ɗin gaske ta kwaso. Ni wannan fim ɗin tausayi ya ba ni fiye da komai, in kin cire askin da baƙin jaket ɗin abin da zai rage yara ne da iyaye suka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma irinsu ba sai an je Amurka ba. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu sosai shi ne The Return of the Living Dead na 1985, 'yan pank a maƙabarta, gawarwaki na gudu suna neman ƙwaƙwalwa, amma ina gaya miki gaskiya akwai tsiraici a fili a cikinsa, ba na falo ba ne, ni kaina wucewa nake a wajen.

TAMBAYA, daga wani matashi a Jos:
Abokaina sun ce mai tarawa na gaske sai yana da duk fina-finan da aka haramta a Ingila, waɗanda ba a yanke komai ba. Haka ne?

AMSA:
Ban yarda ba. Abin da ya faru shi ne farkon shekarun 1980 kaset ya shigo gidajen Ingila babu dokar tace shi, jaridu da iyaye suka tayar da ƙura, hukuma ta fitar da jerin da ya kai fim 72, aka yi nasarar hukunta 39 a kotu, sannan aka kafa doka a 1984. The Evil Dead ma ya shiga jerin. Amma shiga jerin ba shaidar kyau ba ce, da yawansu shirme ne da fosta mai jini, haramcin ne kawai ya yi musu talla. Akwai guda ɗaya na Italiya, Cannibal Holocaust na 1980, da aka kashe dabbobi na gaske a gaban kyamara har da kunkuru. An ba ni shi kyauta na mayar. Jinin cakulan wasa ne da mai yi da mai kallo suka yarda da shi, azabtar da rai don a sayar da kaset kuwa zalunci ne, ba na son sa a ɗakina. Kuma duk abin da ka tara ka sa masa kwaɗo in akwai ƙanne a gidan, ni da na kalla ina yaro na fi wata ban iya zagawa bayi da dare ni kaɗai ba, ba zan so wa ɗan wani haka ba.

TAMBAYA, daga wata uwa a Katsina:
Duk na Turawa kuke ta yi, ina na Indiya da muka tashi da su?

AMSA:
Hajiya kin yi gaskiya, a yi min afuwa. Indiya suna da 'yan gidan Ramsay, 'yan uwa bakwai da suka raba aikin a tsakaninsu, wani ya ba da umarni wani ya riƙe kyamara wani sauti, suka yi Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988, tsohon gida, hazo, dodo, sai kuma a tsaya a yi waƙa. Yanzu Turawan ma nemansu suke ido rufe. In akwai kaset ɗinsu a ƙasan gadonki da kwalinsa na asali dan Allah ki ɗauko ki duba ta gilashin ko farin garin nan ya fara, ki aiko mana da hoton kwalin mu sa a fitowa ta gaba.