Zauren Masu Karatu: Ni da ɗan baffana mun daina gaisawa kan rikicin Nijar da ECOWAS

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barkanku da aiki Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Jibiya ne ina ɗan kasuwancin kai kaya Maraɗi, ina da ɗan baffana a can wanda ya girme ni, gida ɗaya muka tashi kwano ɗaya muka ci, to tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum muke ta musu da shi a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp. Shi ya ce sojoji sun ƙwato ƙasa daga hannun Faransa kuma duk wanda bai bi bayansu ba ɗan koren Turawa ne, ni kuma na ce mulkin soja ba alheri ba ne mu a Najeriya mun ɗanɗana. Ranar da abin ya ɓaci sai ya ce min ai ku ne kuka yanke mana wuta kuka rufe mana boda, wallahi raina ya ɓaci na fice daga guruf ɗin, yanzu wata huɗu ke nan ko sallama ba ta haɗa mu. Don Allah Malam waye mai gaskiya tsakaninmu? Ko ni ne mai laifi a faɗa min kar a rufe.

Daga mai bibiyarku a Jibiya, jihar Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da haƙuri. Wasiƙarka na karanta ta sau uku, abin da na gano shi ne kai da yayanka ba ma a kan magana ɗaya kuke musu ba. Kai kana maganar ko ya dace soja ya ƙwace mulki, shi kuma yana maganar abin da aka yi wa talakan Nijar bayan an ƙwace ɗin da abin da Faransa ta daɗe tana yi, shi ya sa ko shekara za ku yi kuna turo wa juna bidiyo ba inda za ku haɗu.

Bari in fara da inda yayanka ya fi ka gaskiya, kuma ka daure ka ji. Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare Mohamed Bazoum, kwana huɗu kacal bayan nan ECOWAS, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja, Shugaba Tinubu na jagorantarta, ta ba da wa'adin kwana 7, ta rufe iyakoki, ta hana jirage, ta daskarar da kuɗin ƙasar, Najeriya kuma ta katse wutar lantarki alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. To ka gaya min wa ya kwana cikin zafi da sauro, janar ne ko mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi? Ƙasar da ba ta da teku, shinkafarta da maganinta yawanci ta tashar Kwatano ko ta Najeriya suke biyowa, aka toshe mata hanya lokaci guda. Kai da kanka shaida ne tunda sana'arka ce ta tsaya, motoci sun yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari kayan gwari na ruɓewa, kuma jihohi 7 ne namu suke iyaka da Nijar, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, duk sun ji a jikinsu. Har maganar yaƙi aka yi fa, sai da sanatocinmu suka ƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Daga ƙarshe ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba, ko sakinsa ma ba a yi ba. Ni a wurina wannan takunkumi zalunci ne kuma bai biya buƙata ba, in yayanka ya ce "kun yanke mana wuta" zafin da ya sha ne yake magana, duk da dai ba kai ka kashe makunnin ba kuma bai kamata ya ɗora maka ba.

Maganar Faransa ma ba ƙirƙira ya yi ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, kamfanin Faransa ne ya riƙe kaso mafi tsoka har zuwa 2025, an yi ta haska birane a Turai da shi yawancin ƙauyukan Nijar ko turken wuta ba su taɓa gani ba. Kuɗin sefa har gobe a ɗaure yake da yuro. Ita ECOWAS ɗin kuma ina take lokacin da Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka yi tazarce karo na uku a 2020? Ba wanda ya rufe musu iyaka. Mutum in ya ga haka dole ya ce ana son kai.

Amma fa nan ne zan tsaya da bin bayansa. Korar sojojin Faransa a Disambar 2023 da na Amurka daga Agadez a 2024 abu ne daban, riƙon amanar talaka ma abu ne daban, yin na farko ba ya nufin an yi na biyu. Bazoum zaɓensa aka yi, kuma rantsar da shi a Afrilun 2021 shi ne karon farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki, ko da kana da ƙorafi a kan zaɓen akwai wani zaɓen a gaba da za ka iya kayar da shi. Yanzu fa? A Maris ɗin 2025 aka rantsar da Tchiani na shekara 5 da za a iya ƙarawa, aka rusa jam'iyyun siyasa kaf. Kotun ECOWAS tun Disambar 2023 ta ce a saki Bazoum aka yi biris da ita. In gobe yayanka ya ga abin da bai masa daɗi ba, ina zai kai kuka, da wace ƙuri'a zai canja? Wannan ce tambayar da nake so ka yi masa cikin ladabi. Nijar ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010, kowanne da alƙawarin gyara ya zo, wanda mutane suka fi yabawa a cikinsu ma, na Salou Djibo da ya kifar da Shugaba Tandja a 2010 kan tazarce, an yabe shi ne don ya miƙa mulki cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ya koma gefe. Mu ma a nan shekara nawa muka yi a hannun soja kafin 1999, ba labari aka ba mu ba. Saboda haka a kan wannan gaɓar ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma faɗin haka bai mai da kai ɗan koren kowa ba, wannan kalmar ta yi nauyi bai kamata ta fito daga bakin ɗan'uwa ba.

Abin da ya fi sosa min rai a wasiƙar taka kuwa wata huɗun nan ne. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025 amma har yanzu ana kai amarya daga Katsina zuwa Maraɗi ana zuwa ta'aziyya daga Ƙonni zuwa Illela, ku kuma jini ɗaya kun kasa sallama. Ka san haddin da addini ya ba mu na ƙaurace wa ɗan'uwa kwana 3 ne. Kai ne ƙarami, kai za ka fara. Kar ka tura saƙo a guruf inda kowa ke zuga, kira shi a waya kai tsaye ko ma in ka shiga Maraɗi da kaya ka biya ta gidansa da ɗan goronka, ka gaishe shi ka tambayi iyali, sannan ka ce masa Yaya maganar wuta da boda kana da gaskiya an cuce ku kuma ni ma an cuce ni. Ka tsaya nan a ranar, batun soja da zaɓe ka bar shi sai wani zaman bayan an ci abinci, in ya taso ka faɗi ra'ayinka yadda yake ba sai ka janye ko kalma ɗaya ba.

Ka rubuto mana yadda kuka ƙare, Allah ya daidaita tsakaninku.