Me ya sa ake kwana da yunwa a gidajen Inuit, alhali Kanada na da arziki?

Tambaya: Malam, na ji an ce 'yan ƙabilar Inuit na arewacin Kanada suna fama da ƙarancin abinci. Ƙasa mai arziki haka, ta yaya? Kuma waɗanne gidaje abin ya fi shafa?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Binciken lafiyar Inuit da aka yi a 2007 zuwa 2008 ya gano cewa kusan gida bakwai cikin goma na Inuit a Nunavut, wani yanki na arewacin Kanada, ba su da tabbacin abin da za su ɗora a tukunya.

Nisa ne farkon matsalar. Garuruwan Nunavut 25 ne, kuma babu ko ɗaya da hanyar mota ta haɗa shi da kudancin ƙasar, har da Iqaluit babban birnin yankin. Jirgin ruwa yakan kawo kaya ne a 'yan watannin da ƙanƙarar teku ta narke, sauran shekara kuwa madara da kayan lambu sai ta jirgin sama. Kafin kaya su iso kanti kuɗinsu ya ninka.

Amma ni abin da na fi so ki lura da shi shi ne farauta. Binciken ya nuna gidan da ke da mafarauci mai fita daji ya fi samun sauƙi, domin naman karibu, wata dabba mai kama da barewa, da kifi da naman dabbar ruwa da ake kira sil su ne cimarsu tun kaka da kakanni, kuma wanda ya samo yakan raba wa dangi da maƙwabta. To, yau farautar ma sai da kuɗi. Bayan an tattara mutane cikin garuruwa a shekarun 1950 da 1960, aka kuma kashe karnuka masu yawa da ke ja musu kaya, dole mafarauci ya nemi babur ɗin ƙanƙara, ga fetur, ga harsashi, ga kayan gyara. Mai albashi yana da kuɗin amma ba shi da lokaci, mai lokaci kuma aljihunsa wayam. Ƙanƙarar ma ta daina daskarewa a kan kari saboda ɗumamar yanayi, garken karibu kuma sun ragu, har aka dakatar da farautarsu na wani lokaci a tsibirin Baffin da ke Nunavut a 2015.

Sauran dalilan kin san su ko'ina: gidan da ya dogara da tallafin gwamnati, gidan da mutane suka cunkushe, da wanda babba ɗaya ke ɗauke da nauyinsa.

Gwamnati ta kawo shirin Nutrition North a 2011 don rage farashi, sai dai 'yan kasuwa ake ba tallafin. A 2014 babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ce gwamnati ba ta tabbatar ko rangwamen yana isa hannun mai saye gaba ɗaya ba. A ganina, da kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ga fetur da kayan mafarauta tun farko, da ya fi kai nama gidaje.