A mayar da tsohuwar jitar bas yadda take, ko a sabunta ta?

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji jitar bas ƙirar Fender Precision, sautinta ya dusashe, kana tunanin sauya mata kaya da fenti. Kafin komai, duba lambar da ke jikinta ka gano shekarar da aka ƙera ta. Kamfanin Fender ya fara fitar da Precision a 1951, kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, kuma masu tara jita sun fi daraja waɗanda aka yi kafin sayen.

In tana cikinsu, kada ka taɓa fentin, ko da ya tsattsage. Sabon fenti yana karya mata daraja ƙwarai, haka ma fafe katakon don saka wata na'ura. Wannan ba ya gyaruwa.

Ni dai zargina dusashewar daga tsofaffin tsirkiya ne ko datti a makunnin sauti. Sauya tsirkiyar, a wanke makunnin, a daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta. In har sai ka sauya na'urar ɗaukar sauti, nemi wadda za ta shiga ramin ba tare da huda ba, ka adana ta asalin, har da kusoshinta.