Hoton ƙashi bai nuna komai ba, amma yatsuna na kumbura: in je in yi MRI?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 38, ɗinki ne sana'ata. Wata huɗu ke nan yatsun hannuwana biyu da wuyan hannu suna kumbura, da safe kuma sai su sandare, har sai rana ta ɗaga kafin in iya riƙe almakashi. An yi mini hoton ƙashi, aka ce lafiya lau. Wata maƙwabciya ta ce sai na yi MRI za a ga cutar, kuma na ji kuɗinsa da yawa. Shin sanyin ƙashi ne? Wane hoto ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ƙara sauƙi. Sakamakon hoton da aka ba ki ba ƙarya ba ne, amma bai wanke ki ba. Kumburin ƙananan gaɓoɓi a hannu biyu lokaci guda, sandarewar safe da ke wuce awa ɗaya, da daɗewar abin fiye da mako shida, waɗannan su ne alamomin da ke sa likita ya yi zargin amosanin gaɓɓai na rumatoyid. Mutanenmu kan tara duk ciwon gaɓa su kira shi sanyin ƙashi, alhali wannan ba sanyi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa siririn tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, sai ya kumbura ya yi kauri, daga baya ya fara cin guringuntsi da gefen ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ke ɗauke da cutar a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Hoton ƙashi na eksire tsohon aboki ne. Tun 1895 Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus, kuma hannun matarsa ne ya fito a hoton da ya fara shahara. Abin da yake gani da kyau shi ne ƙashi. Tantani da jijiya da ruwan cikin gaɓa kuwa inuwa kawai suke a wurinsa. To ita cutar rumatoyid a tantani take fara aikinta, sai ta yi watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu, kafin ɓarnarta ta isa ƙashi yadda eksire zai kama. Idan ta isa, za a ga ƙashin da ke kusa da gaɓa ya dusashe ya yi duhu-duhu a hoton, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa ta matse, sannan a ga 'yan ramuka a gefen ƙashi kamar gaigayar ɓera. Ramin da ya riga ya samu ba ya cikewa yadda yake a da. Shi ya sa jiran sai hoto ya nuna kuskure ne babba. Har ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da na Turai suka fitar tare a 2010 ya cire eksire daga lissafin maki, alhali yana cikin na 1987. Yanzu ana duba yawan gaɓoɓin da suka kamu, gwajin jini na RF da anti-CCP, gwajin kumburi na ESR da CRP, da tsawon lokacin ciwon. Maki 6 cikin 10 ya isa.

Duk da haka kada ki jefar da hoton nan. Shi ne ma'aunin da za a gwada da na baɗi a ga ko magani yana tare ɓarna. Kuma in ba a ɗauki ƙafafu ba, ki nemi a ɗauka ko da ba sa miki ciwo, domin sau da yawa gindin ƙaramin ɗan yatsan ƙafa ne ke fara nuna ramin kafin hannu.

Hoton da nake ganin ya fi dacewa da halinki, in har likita yana da shakka bayan ya duba ki, shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, sai dai da wani kan na'ura na daban da aka yi don abin da ke kusa da fata. Ba ya amfani da hasken da ke cutarwa, ba ciwo, ana iya duba gaɓoɓi da yawa a zama ɗaya. Yana nuna kaurin tantani, da ruwan da ya taru, da kumburin kuben jijiyoyin yatsu da wuyan hannu, har da ƙananan ramukan da eksire bai gani ba tukuna. Akwai wani sashe nasa da ake kira Dofla, mai nuna gudun jini da launi. Tantani mai lafiya kusan ba ya nuna komai, wanda wutar cuta ke ci kuwa sai ka ga ya yi ja a allo. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: ingancinsa yana hannun mai riƙe da na'urar. Wanda ya ƙware a duba ciki da mahaifa ba lallai ne ya iya karanta gaɓar yatsa ba. Ki tambaya tun kafin ki biya ko akwai wanda ya saba da sikanin gaɓoɓi a wurin.

Sai MRI da maƙwabciyarki ta ambata. Gaskiya ta faɗa cewa yana gani fiye da sauran. Da maganaɗisu yake aiki, kuma shi kaɗai ke iya nuna kumburin cikin ɓargon ƙashi, wanda alama ce ta wurin da rami zai fito nan gaba. Amma ganin komai ma yana da illarsa, domin ana samun 'yan canje-canje a hannun masu lafiya ƙalau, musamman in shekaru sun ja, sai a ɗaga wa mutum hankali a banza. Ga tsada, ga kwanciya cikin na'ura mai ƙara ba motsi, sau da yawa ga allurar gadoliniyam, sinadarin da ke sa hoton ya fito sosai, da ake takatsantsan da ita ga mai ciwon ƙoda. Wani bincike da aka yi a Denmak aka wallafa a 2019 ya gwada daidaita magani bisa MRI, bai fi daidaita shi bisa duba marar lafiya da gwajin jini ba. Haka aka samu a Norwe a 2016 game da sikanin. Don haka kuɗin MRI, a matakin da kike, gara ki kashe su a ganin likitan gaɓɓai da gwajin anti-CCP. Inda MRI ke zama dole shi ne idan cutar ta daɗe ta taɓa ƙasusuwa biyu na saman wuya, mutum ya fara jin ciwon ƙeya, mutuwar hannu ko raunin ƙafa, a duba ko laka ta matsu.

Hoton CT kuwa, wato eksiren da kwamfuta ke haɗawa ya nuna jiki yanka-yanka, ba a cika nemansa don yatsu ba. Amfaninsa a wannan cuta ya fi yawa a huhu, idan tari ko haki ya ƙi tafiya, domin rumatoyid na iya taɓa huhu. Kada ki yi mamaki in an tura ki hoton ƙirji alhali hannu ke ciwo. Ana yin sa kafin a fara methotrexate, maganin da aka fi farawa da shi, kuma a ƙasarmu da tarin fuka ya yawaita wannan ba abin tsallakewa ba ne. Za a kuma gwada ki ciwon hanta nau'in B. Shi methotrexate sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma ba a ba mai ciki ko mai neman haihuwa, don haka ki faɗa wa likita shirinki.

Abu ɗaya da zai iya ɓata duk wannan bincike shi ne ƙwayoyin kemis. Prednisolone da dexamethasone, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda da sunan maganin sanyi, suna kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sai likita ya taɓa gaɓa ya ji lami, sikanin ma ya fito fes, cutar kuwa tana nan. Idan kina shan su kada ki yanke farat ɗaya, amma ki tafi da su asibiti a gani. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko na ƙwararru mafi kusa da ke cikin makonnin nan, ki tafi da tsohon hoton da sakamakon duk gwajin da aka taɓa yi miki, kuma ranar da yatsun suka kumbura sosai ki ɗauke su a waya, domin wata rana ranar ganin likita ce suke saɓewa.