Filin Tambaya Da Amsa: Turancin Da Muke Yi A Tasha Da Kasuwa

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Wannan watan saƙonni sun taru sosai, kuma kusan duk a kan kalmomin turanci ne da muke faɗa kullum a tashar Kejetia ta Kumasi da cikin trotro, motocin hayarmu, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi daga ina suka fito ba. Na zaɓi guda biyar, sauran sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce ina koyon aikin jinya nan Kumasi, gidanmu Aboabo. Akwai wata baturiya da ta zo aiki wajenmu, ranar nan ta yi tuntuɓe a matakala har takardunta suka zube sai na ce mata "sorry", kawai ta juyo ta ce min wai ai ba laifina ba ne me ya sa nake ba ta haƙuri. Wallahi kunya ta kama ni a gaban ƙawayena. Kuskure na yi ne?

Amsa: Ƙanwata ki daina jin kunya, tarbiyyar gidanku kika nuna. Abin da ke ranki a lokacin "sannu" ce, sai bakinki ya nema mata riga a turanci bai samu wadda ta fi kusa ba sai "sorry". Mu mun tashi a gidajen da in mutum ya yi tuntuɓe ko ya sare ko ya yi tari ko ya dawo daga kasuwa a gajiye dole a ce masa sannu, wanda ya gani ya yi shiru ma shi ake kallo a matsayin mara kirki. Maƙwabtanmu Asantawa haka suke, suna da "kosɛ" suna da "due", har "kafra" da kike ji a bakinsu ai gafararmu ce suka ara. Toh duk wannan kayan muka ɗora wa "sorry" ita kaɗai, shi ya sa a Ghana kowa ya gane ki.

Su kuwa turawan Ingila na yanzu galibi in suka ji "sorry" ita kaɗai a kan ƙaramin abu, neman afuwa suke ji, wato kamar ke kika sa mata ƙafa. Amma ki ji asalin kalmar, a tsohon turanci "sarig" ce, daga "sar" mai nufin ciwo ko zafi, wadda ita ce ta zama "sore" da kuke rubutawa kullum a asibiti in an zo da miki ko ciwon maƙogwaro. Kenan tun farko mai cewa "sorry" cewa yake raina ya yi zafi, kinga ma'anar da kika yi amfani da ita ba baƙuwa ba ce a gidan kalmar, kuma har gobe in aka yi musu rasuwa "sorry for your loss" suke cewa alhali ba mai ta'aziyyar ne ya kashe mamacin ba. Shawarata, in baƙuwa ce irin wannan ki ce mata "are you okay?" ki taya ta tsince takardun, in kuma wata tsohuwa ce daga Asawase aka kawo muku ki ce mata sannu Mma da hausarki, ta fi kowace allura saurin kwantar da hankali. Haka ma "I'm coming" da muke faɗa muna juya baya muna tafiya, "ina zuwa" ce tamu, bature zai tsaya yana kallonki ya ga kin ce kina zuwa amma kina nisa, shi a wajensa "I'll be right back" ake cewa.

Tambaya: Malam ni yaron mota ne, layin Kejetia zuwa Sawaba. Fasinja kullum "mate, mate, canjina", wani da raini ma yake faɗa. Wannan sunan zagi ne ko me?

Amsa: Ɗan'uwa ba zagi a ciki ko kaɗan, rainin daga bakin mai faɗa yake. Kalmar ta shigo turanci ne daga tsohon jamusancin mutanen bakin teku, kuma ma'anarta ta farko wanda kuke cin abinci a akushi ɗaya, dangin "meat" ce, wadda ita ma a da duk abinci take nufi kafin a keɓe ta ga nama. A jirgin ruwa "mate" babban muƙami ne, shi ke bin kyaftin, daga irin wannan aka samu "driver's mate" wato na hannun daman direba. A Ingila da Ostireliya kuwa in wani ya ce maka "mate" aboki yake nufi, kamar yadda yaran Accra ke cewa "chale". Ita ma "companion" haka take, latinanci ce, "com" tare, "panis" burodi, abokin cin burodi kenan, kuma wannan "panis" ɗin ce ta zama "pão" a bakin turawan Fotugal waɗanda suka gina ganuwar Elmina a 1482, shi ya sa har yau ake ce wa burodi paanoo a ƙasar nan.

Tunda an taɓo wannan bari in ƙara wa iyayenmu mata wani abu. A Najeriya in mace ta ce "my mate" sau da yawa kishiyarta take nufi, mu nan Ghana "rival" muke cewa, ita kuwa "rival" daga latinanci "rivalis" ta fito, wato mutanen da ke ɗiban ruwa a rafi ɗaya. Ni dai ta Najeriyar ta fi kwanta min a rai, don abokiyar zama da ake cin tuwo tare ta fi wadda ake rigimar rafi da ita.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Sabon Zango, shekaruna sun haura sittin. Jikana ya dawo daga sakandare yana ce min wai kalmar "alcohol" larabci ce, na ce masa ya yi shiru, larabawa "khamr" suke ce wa giya. Wanne ne daidai?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma ina roƙonku ku kira yaron nan ku sa masa albarka don ya riƙe karatu. Giya a larabci "khamr" ce kamar yadda kuka faɗa, haka ta zo a Alƙur'ani. Amma "alcohol" daga "al-kuhl" ta fito, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke sawa a ido, wanda ku da kanku kun fi ni sanin hadisan da suka zo a kan ismid, wato dutsen kwalli. Yadda abin ya faru shi ne, lokacin da turawa suka dinga fassara littattafan likitanci da haɗa magunguna na musulmi zuwa latinanci, musamman a birnin Toledo na Andalus a ƙarni na 12, sun ɗauki kalmar da "al" ɗinta gaba ɗaya, da farko suna kiran duk wani gari mai laushi da aka niƙa aka tace da sunan, tunda kwalli shi ne sarkin laushi, daga nan sai ma'anar ta zarce zuwa duk abin da aka tace aka fitar da tsantsarsa, har suka fara cewa "alcohol of wine" wato tsantsar ruwan inabi, a hankali a ƙarni na 18 aka yar da sauran aka bar "alcohol" ita kaɗai. Kun ga kalma ta tashi daga idon amarya ta ƙare a kwalba, kuma ba larabawa ne suka kai ta can ba. Sannan ba duk "alcohol" ake sha ba, wanda ake goge fata da shi kafin allura da wanda muka dinga shafawa a hannu lokacin korona a 2020 duk sunansu kenan.

Irinta suna da yawa Malam, kuma abin da ke burge ni shi ne da yawansu mu ma mun aro su ta hanyarmu ta Sahara ba tare da mun bi ta kan bature ba. "Sugar" daga "sukkar", mu muka ce sukari. "Coffee" daga "qahwa" ta hanyar turkawa, mu muka ce gahawa. "Zero" da "cipher" duk daga "sifr" ne, sifilinmu kenan. "Cotton" daga "qutn", "algebra" daga "al-jabr" ta littafin Alkhawarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9. Har ita kanta mujallar da kuke riƙe da ita, "magazine", jam'in "makhzan" ce wato rumbun ajiya, shi ya sa soja ke kiran gidan harsashin bindiga da wannan sunan, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suke ce wa ɗakin ajiyar kaya mangaza. In jikan naku ya ƙara zuwa ku tambaye shi "cola" ta jikin Coca-Cola, lemon da aka fara haɗawa a Atlanta a 1886, ku ga ko zai gane goron nan ne da kakanninmu fatake suka dinga ɗauka daga kurmin Asante ta Salaga zuwa Kano.

Tambaya: Ina aji biyu a sakandare. Na rubuta "he chopped the money" a insha'i sai tica ya ja min jan biro. Amma ai kowa haka yake cewa?

Amsa: Kowa a nan, ɗana. A turancin jarrabawa "chop" sara ne ko yankawa, kamar saran itace ko yanka albasa, wanda ya karanta a Landan zai ɗauka mutumin adda ya sa ya daddatsa kuɗin. Namu "chop" ɗin "ci" ce, kuma duk inda bahaushe ya kai "ci" can muka kai ta, cin kuɗi, cin amana, cin zaɓe, a Twi, yaren Asantawa, ma "di" haka take aiki, "di nkonim" cin nasara, "di hene" cin sarauta. Daga nan aka samu "chop bar" da "chop money" wato kuɗin cefane, da "chop box" ɗin da aka cika maka da gari da shito ranar da za ka tafi makarantar kwana. Ticanka ya taimake ka, don mai makin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ba zai ɗaga maka ƙafa ba, ka rubuta "embezzled" ko "squandered". A tasha kuwa ka ci gaba da "chop" ɗinka, kar ka bari wani ya ce maka turancin jahilai ne.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sayarwa. Ƙungiyarmu na maganar za a yi "boycott" na wani dila da ya tsawwala farashi, kowa na faɗa amma ba wanda ya iya gaya min ma'anarta.

Amsa: Hajiya ma'anarta ƙaurace wa mutum, a haɗa baki a daina saye a wajensa a daina sayar masa, kuma sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott bature ne ɗan Ingila da ke karɓar kuɗin hayar gonaki a madadin wani mai filaye a yankin Mayo na ƙasar Ireland. A 1880 damina ba ta yi kyau ba, manoma suka nemi a rage musu haya sosai aka ƙi, aka fara shirin korarsu daga gonakin, toh maimakon su ɗauki makami sai suka juya masa baya gaba ɗaya, leburorinsa suka bar gona, masu kanti suka ƙi sayar masa, maƙeri da mai wanki suka ƙi yi masa aiki, har wasiƙa aka daina kai masa. Sai da aka kawo ma'aikata daga wani yanki da rakiyar sojoji masu yawa kafin a girbe masa amfanin gona, kuɗin da aka kashe wajen tsaron ya ninka na amfanin, kafin shekarar ta ƙare ya bar ƙasar, jaridu kuma suka mayar da sunansa aikatau.

Kuma Hajiya ku masu atamfa kun fi kowa haƙƙi a kan kalmar nan a Ghana. A watan Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne na uku, sarkin Osu Alata a Accra, ya jagoranci ƙaurace wa kayan manyan kantunan turawa saboda tsada, kuma yadi da atamfa suna sahun gaba a kayan da aka ƙi saye, abin ya bazu har nan Kumasi. An yi wajen wata guda ana yi har kamfanonin suka yarda za su rage riba, ranar 28 ga Fabrairu da aka tsayar za a janye ita ce ranar da aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar Christiansborg, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, gari ya rikice, aka kama Kwame Nkrumah da sauran shugabanni biyar na UGCC, jam'iyyar masu neman 'yancin kai, shekara tara bayan nan aka samu 'yanci a 1957. In za ku yi naku ku tabbatar kanku a haɗe yake tun daga masu manyan shaguna har masu kasa kaya a tebur, ku kuma fara aika wa dilan wakilai ku gaya masa farashin da za ku iya saye kafin ku rufe masa ƙofa.